Yaƙin Hambali da Waya Mai Haƙora Goma Sha Biyar

Da sunan Mai kowa Mai komai muke buɗe tarihin Malam Hambali ɗan Tukur, jikan Bawa mai gyaran fitila, tattaɓa-kunnen Jatau wanda ya taɓa kwance rediyo ya mayar da ita har da rarar kusoshi biyu. Sadauki, gagarabadau, dodon fulogi, wanda sukudireba ba ta barin aljihunsa ko ranar Idi!

Ranar wata Lahadi Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifinsa, ta iso daga Gumel da buƙata guda: ta ga hoton marigayi mijinta. Hoton kuwa babu shi ko'ina a doron ƙasa sai cikin tsohuwar kwamfutar Hambali, wadda allonta ya mutu shekara shida. Motar komawa kuma za ta tashi bayan la'asar.

Sai gwarzon ya ɗaura ɗamara, ya jawo akwatin kwamfutar daga ƙarƙashin gado, ya tarwatsa rundunar kyankyasai ba tare da neman agaji ba, ya zaro waya mai shuɗin kai da haƙora goma sha biyar, mai haɗa kwamfuta da talabijin, ya kutsa bayan talabijin yana rarrafe, ya kai farmaki sau uku ana maido shi, har ya gano haƙori ɗaya ya lanƙwashe, ya miƙar da shi da allurar ɗinki.

"Ta shiga!" ya yi kururuwa.

Amma talabijin ta ci gaba da nuna wata mata tana dafa alkubus. Sai an juya talabijin ɗin zuwa hanyar kwamfutar da rimot, shi kuwa rimot uwargida Hajiya Kande ta naɗe shi da leda da salatif tun ranar da aka sayo shi, ledar ta dushe har rubutu ba ya karantuwa. Hambali ya dubi agogo, ya yi bisimilla, ya farke ledar.

"Malam! Ledata!" in ji Hajiya Kande.

Ya danna. Sai ga marigayin ya cika allo, ya ƙura wa Gwaggo ido. Hambali ya miƙe, gwiwoyi duk ƙura, yana jiran guɗa.

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska don kunya. Can ta leƙo da ido ɗaya, idon cike da ƙwalla.

"Shi ne," ta ce. "Amma hular nan ta aro ce."

Hajiya Kande ta miƙo wa sadaukin sabuwar leda da salatif.