Ranar da Na Diro da Sikelin Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na diro daga kan kamyo, wato babbar motar shinkafa, a kasuwar Malanville ba. Ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, Baba kuma ya ƙudurta cire ni in dawo rumfa. Shekara talatin yana awon shinkafar ƙauyen Garu da sikelinsa mai ƙugiya, bai ga abin da lakwal, makarantar boko ke nan, za ta ƙara wa mutum ba.

A makon nan malaminmu ya koya mana cewa nauyin da muke ji, ƙasa ce ke tokare mu. In mutum yana faɗowa riƙe da sikeli mai kaya a rataye, saurinsu yana ƙaruwa tare, babu mai jan wani, sai allura ta koma sifili. Na ce yau Baba zai san na fi shi sanin awo (kai, ƙuruciya).

"Baba, zan mai da kilo biyar babu."

Ya ce, "Mi ka ce? To, gwada muna."

Na rataya ƙullin shinkafa a ƙugiya, na hau kamyo, 'yan dako da 'yan kabu-kabu suka taru. Na daka tsalle. Wallahi na ɗan lokaci cikina ya zama fanko, hannuna ba ya jin komai, daɗi kamar me. Sai dai malam bai yi mana bayanin sauka ba. Wandona ya tsage har gwiwa, ƙugiya ta karye, awakin kasuwa suka yi walima da shinkafa. Allurar kuwa, ban ga wanda ya kula ta ba, duk wando ake kallo.

Baba bai yi dariya ba. Ya tsince sikelin ya goge da bakin rigarsa.

"Koma lakwal ɗinka, Sani. Wanga hannu ba na rumfa ba ne."

Sai da na zama malami, yana kwance ciwon ajali, ya kamo hannuna ya ce, "Ran nan na gani. Allura ta taɓa sihili."

Sikelin yana rataye a ɗakina, ƙugiya a karye. Ina kewarsa ƙwarai. Duk shekara in na zo darasin nan, nakan gaya wa ɗalibaina faɗuwa ba ta da nauyi, sauka ce ke da shi, kuma su sa wando mai ƙwari. Suna dariya, ni kuma ina duba bayan aji ko zan ga mutum ɗaya da ke kallon allura.