Ranar da Na Kayar da Kawuna a Shari'a

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Bagudo, kuma ni nake koya wa ɗalibai wasan kwaikwayo. Don haka da Kawu Sani ya kira ni zuwa garin Sharabi in yi magana a madadinsa gaban mai gari, kan wani mangwaro da ke iyakar gonarsa da ta Malam Buba, ban tsaya jin bayani ba.

"Kawu, bar mini kawai," na ce.

Na miƙe na gyara babbar riga. Na fara a hankali, na ɗaga murya daidai inda ya kamata. Na kawo Rum, na kawo Songhai, na nuna yadda kowace daula ta rushe tun ranar da mai ƙasa ya fara cin gumin mai shuka. Wani dattijo har da share hawaye. Kawu yana ta jan gefen rigata, ni kuwa na ɗauka jinjina ce.

"Wanda ya shuka, shi ke da itace," na rufe.

Mai gari ya gyaɗa kai. "Malam ya gama magana. Buba, kowa ya san mahaifinka ya shuka shi. Mangwaro naka ne."

Malam Buba ya rungume ni. Kawu ya hau babur ya bar ni a wurin.

Har yau ban sake jawabi mai kyan wannan ba. Kuma duk wanda ya saɓa da Kawu a kasuwa sai ya ce masa, "Alhaji, ɗan naka yana gari? Lauya nake nema."