Rasuwar Tsagaggiya, Wadda Ta Tafi Ba Ta Nuna Ƙarshen Fim Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda duk da haka ba ta sunkuya wa kowa ba, Sharhabil Ashiru na Kawo yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da Sagir, rasuwar wayarsa abar ƙaunarsa, wadda aka fi sani da Tsagaggiya. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, a tafin hannunsa, a kan bencin majalisa da ke bayan tasha, tana tsakiyar aiki.

An ambaci Sagir da suna ne don kada gobe ya ce ba a faɗa masa ba, tunda shi ne yake bi layi-layi yana cewa wai kunya ce ta kashe ta. Ba kunya ba ce. Kwana ne ya ƙare.

Marigayiya ba sabuwa ta zo hannun Sharhabil ba, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Yayarsa Lubna ce ta sauke masa ita lokacin da ta samu aiki ta sayi wata, a shekarar da ya gama sakandare. Ta iso da tabonta: tsaga ɗaya doguwa, daga kusurwar sama ta gangaro har ƙasa, kamar an sare ta da takobi ta ƙi faɗuwa. Daga nan ta samu sunanta. A watannin da ya yi yana jiran sunansa ya fito a makarantar gaba bai fito ba, lokacin da mahaifinsa kan dawo daga ofis ya dube shi ya girgiza kai ya wuce ciki, ita ce ta zauna da shi. Ba ta taɓa tambayarsa me yake shirin yi da rayuwarsa ba. Wannan kaɗai ya isa a yi mata shaidar kirki.

Mai haƙuri ce. Ta faɗi a kwata ta tashi. An zauna a kanta a cikin keke napep ba ta kai ƙara ba. Ba ta da surutu, don ba kasafai ake kiran mai ita ba, kuma ba ta taɓa yi masa gori a kan haka ba. Idan cikinta ya cika, sai ta yi gyaran murya sau ɗaya, "tiring," ya gane, ya goge hotunan bikin mutanen da bai sani ba. Idan yunwa ta kama ta kuwa, "tin-tin" kawai take cewa, a hankali, kamar baƙuwar da ba ta son a san ba ta ci abinci ba.

Babban aikin da za a riƙa tuna ta da shi shi ne Guntun Takobi. Ga waɗanda ba su sani ba, fim ne na zane mai dogon zango daga Japan, a kan samurai, wato mayaƙan takobi na can da. Mutanen gida sun nace wa kiransa katun. Allah Ya yafe musu. Sunansa na ainihi ya gagari bakin 'yan majalisa, shi ya sa suka raɗa masa wannan. Jarumin ma suka sa masa Guntau, saboda takobin da yake yawo da shi karyayye ne, rabi ne, na maigidansa da aka kashe. Duk garin da ya shiga sai an yi masa tayin sabo, shi kuma sai ya ƙi. Mugun fim ɗin kuwa Ciyaman suke ce masa, don bai taɓa yin faɗa da hannunsa ba, yara yake turawa, shi yana zaune yana shan shayi.

Tsagaggiya ce ta nuna wa Sharhabil wannan fim tun daga kashi na farko. Sifikarta ta daɗe da dushewa, amma idan Guntau ya zare guntun nan daga kube, sai ta tattara duk ƙarfinta ta ce "shiiing," ta biyo da ɗan "zzzz" nata na kanta. Sharhabil ya ji wannan ƙara a wayoyi masu tsada. Babu wadda ta kai ta.

A kan wannan fim aka samu saɓanin da ya zama dole a faɗe shi a nan, don shi ne ya sa wannan rashi ya fi ƙarfin rashin waya.

Sagir ɗan ajinsu ne tun ƙaramar sakandare, yanzu yana tsaron shagon yayansa, kuma yana da waya mai faɗin faranti. Ra'ayinsa, wanda yake faɗa da ƙarfi ko ba a tambaye shi ba, shi ne Guntau wawa ne. Wai ina hankali a mutum ya tunkari rundunar Ciyaman da abin da bai wuce wuƙar yanka albasa ba, alhali ga sabbin takubba ana ba shi kyauta. Wai fim ɗin ya cika tunani da kallon ruwan sama, a yi kashi guda cur ana tuna baya ba a sari kowa ba. Wai shi gwaninsa shi ne mayaƙin nan mai takubba biyu da jan mayafi, wanda ba ya magana sai dai kawuna su yi ta zuba. Rabin majalisa na bayansa. Su ne masu tsallake duk inda ake magana su nemi inda ake jini, sannan su dawo suna tambaya wane ne ya kashe wane.

Sharhabil bai cika magana ba. Abin da ya tsaya a kai guda ne: wanda bai gane dalilin da ya sa Guntau ya riƙe guntun nan ba, to zane kawai ya kalla, bai kalli fim ba.

Ranar da kashin ƙarshe ya iso wurin masu tura fina-finai, gardama ta kai inda ba ta taɓa kaiwa ba. Sagir ya riga kowa kallo, ya zo yana murmushi irin na wanda ya san abin da ba ka sani ba. Da ya rasa ta inda zai kayar da Sharhabil, sai ya koma kan marigayiya. Ya ce ai dole malam ya riƙa ganin hikima inda babu, tunda tsagar nan ta bi ta kan rubutun fassarar da ke ƙasa, rabin magana yake karantawa, rabi kuma ya cike da tunaninsa na marar aikin yi. Ya ce wannan ba waya ba ce, madubin gwauro ne. Sannan ya miƙo farantinsa da yatsu biyu, ya ce ga shi, ɗan'uwa, sadaka, kalli ƙarshen kamar mutum, ka ga yadda gwanin naka ya ƙare. Aka yi dariya har mai rake da ke gefe.

Nan Sharhabil ya miƙe, a gaban kowa, ya rantse. Ba irin wallahin da ake yarwa a hira ba. Cikakkiyar rantsuwa ya yi, da sunan Allah, cewa idanunsa ba za su ga ƙarshen Guntun Takobi ba sai a fuskar Tsagaggiya. Ya zauna.

A lokacin marigayiya ta riga ta daɗe tana jinya. Batirinta ya kumbura har bayanta ya ɗaga. Bakin cajinta ya saki, sai an naɗe wayar caja da kyauro an jingina ta a wani irin karkace kafin ta yarda ta sha. Zazzaɓi kan kama ta da rana tsaka, ta yi zafin da sai ya ajiye ta a kan randa ta huce. Duk da haka ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ranar Talatar nan ya cika ta taf, ya je aka tura mata kashin ƙarshe, ya dawo ya zauna a bencin, a gaban waɗanda suka yi dariya, don a gani.

Ta fara lafiya. Guntau ya iso wata maƙera a gindin dutse, jina-jina, gobe zai gamu da Ciyaman. Tsohon maƙerin ya karɓi guntun ya juya shi, ya ce ba sabon takobi zai ba shi ba. Ƙotar maigidansa zai bar masa yadda take, ruwan takobin kawai zai canja. Ya ɗauko sabon ƙarfe yana walƙiya, ya miƙo. Guntau ya ɗago kai.

A nan wani koren layi ya ratsa fuskar marigayiya. Ta ce "tin." Ba ta ƙarasa na biyun ba.

Ya danna ta, ya girgiza ta, ya hura mata iska a baki. Ya kai ta Babbar Kasuwa wurin Sanda mai gyara, wanda ya san ta tun tana hannun Yaya Lubna. Sanda ya buɗe ta, ya sansana, ya ajiye abin aikinsa, ya ce inji ya ƙone, sai haƙuri. Da ya ji labarin rantsuwar, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya rage murya ya kawo shawara. Ya ce yana da injin wata irinta a ƙasan tebur. Zai dasa shi a ƙarƙashin wannan tsagaggen gilashin, a rufe, a ɗaure. Ai fuska aka ambata a rantsuwa, ga fuska nan. Babu wanda zai sani, ko Sagir.

Sharhabil ya daɗe a tsaye a bakin rumfar nan, mutane na ture shi suna wucewa. Ba za a ɓoye ba, zuciyarsa ta raya masa. Daga baya ya ce wa Sanda ya mayar mata da murfinta. Ba da gilashi ya yi alkawari ba. Ya sa gawarta a aljihu ya hau mota zuwa Kawo.

A gida ma an kawo mafita. Mahaifinsa, Malam Ashiru, ya ce rantsuwa rantsuwa ce ko da a kan katun aka yi ta, kuma maganin mai saurin baki kaffara: tunda ba shi da abin ciyarwa, ya yi azumi uku ya huta, ya kuma koyi riƙe harshensa. Yaya Lubna ta ce ita za ta yi masa kunun buɗa-baki, har ta ara masa wayarta ya kalla a ɗaki ba wanda ya gani, in dai zai daina zama kamar an yi masa mutuwa. Ya gode musu. An yi masa mutuwar.

Ya san ƙofar kaffara a buɗe take, kuma ba ya jayayya da malamai. Ba yunwa yake tsoro ba. Abin da ba zai yi ba shi ne ya koma bencin nan ya ga Sagir ya kalle shi ya kalli sauran. Saboda haka ake sanar da jama'a cewa ba zai yi kaffara ba, ba zai ari wayar kowa ba, ba zai leƙa ta kafaɗar kowa ba. Masu cewa taurin kai ne, an ji. Masu cewa zai sauko kafin sati, su samu wuri su zauna, jiran da tsawo.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya da kyauronta, wadda ba ta shiga bakin kowace waya sai nata, yanzu tana rataye a ƙusa ba mai nema. Ta bar abin sauraro mai kunne ɗaya, na hagun ya riga ta tafiya tun bara. Ta bar rigarta ta roba da ta koma ruwan shayi, da layi guda wanda Yaya Lubna ta karɓi riƙonsa. Ta kuma bar mai ita, wanda yanzu idan ya ji motsi a aljihu sai ya kai hannu, ya tarar ba komai.

Za a yi mata sutura ranar Juma'a bayan la'asar, a bayan gidan Malam Ashiru, gindin gwaiba. Ba za a yi mata salla ba. An san waya ce, ba sai wani ya taso tun daga unguwar Doka ya zo tunatarwa ba. Za a naɗe ta a farin hankici. Batirin ba zai bi ta ba, an bar shi wurin Sanda, don ko a raye ba zaman lafiya suke yi ba.

Za a karɓi gaisuwa a bencin majalisa har zuwa magariba. Mai zuwa ya zo da bakinsa a rufe game da fim. Ba a yarda da habaici ba, ba a yarda da kwatance da hannu ba, ba a yarda mutum ya ce shi ba zai faɗa ba amma akwai mamaki. Wanda ya ce katun, ya riƙe gaisuwarsa ya koma da ita. Wanda Allah Ya hore wa ya yi niyyar kawo sabuwar waya, za a karɓa da godiya, za a yi kira da ita, za a duba sakamakon makaranta da ita, amma ba za ta nuna abin da marigayiya ba ta nuna ba. Sagir zai iya zuwa. Zai zauna a ƙarshen benci, farantinsa a aljihu, fuskarsa babu murmushi.

Duk Kawo ta san yadda fim ɗin ya ƙare, ban da mutum ɗaya, kuma shi ne ya fi kowa sonsa. A wurinsa har gobe maƙerin nan yana tsaye da hannu a miƙe. Abu ɗaya ne yake cin sa, zai faɗe shi a nan sau ɗaya, kuma duk wanda ya buɗe baki zai amsa, ya tashi daga zaman makokin tun kafin a tashe shi.

Guntau ya karɓa, ko ya ɗauki guntunsa ya tafi?