Jarrabawar da na yi wa Habsu

A gidanmu, nan Waca, ni kaɗai nake da babbar salula. Shi ya sa mushen su Habsu jikata, wato malaminsu, yake turo musu tambayoyi ta cikinta duk ranar da ba lakwal, wato makaranta, su amsa, maki ya koma masa kai tsaye. Habsu ce ta ɗaya a ajinsu, kuma tana ji da wannan matsayi.

Ran nan an aike ta Magariya, sai ga tambayoyi sun shigo. Na buɗe, na ga hoton gero, da dawa, da gyaɗa. Na ce yau dai an zo gonata! Faransancin da ke ƙarƙashi ban san ko harafinsa ba, amma na yi nazari: a sanina, mai ilimi ba ya gajarta magana. Saboda haka kowace tambaya na danna mata amsar da ta fi tsawo, na tura, na gyara zaman hulata.

Biyu bisa ashirin muka samu.

Da Habsu ta dawo ta gani, ba ta yi kuka ba, amma ta ƙi cin tuwo. Wannan ne ya kai ni lakwal da safe, na tsaya gaban yara na faɗa wa mushe gaskiya. Sai da ya dafa bango don dariya, sannan ya ba ta wasu tambayoyin.

Ta koma matsayinta, ni ma na samu nawa. Har yau in na yi baƙi, sai ta kawo ruwa ta durƙusa, ta ce: "Sannunku da zuwa. Ku yi haƙuri da Kaka, shi ne na ƙarshe a ajinmu."