Rasuwar Tsohuwar Burauzar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fargabar da ba ta ga dalilin ɓoyewa ba, autar gidan mai gyaran rubutu tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tsohuwar burauzar mahaifinta, wato manhajar da yake buɗe shafukan intanet da ita a kwamfuta, wadda ta cika ranar Asabar da hantsi a kan teburin falo.

Marigayiyar ba kyakkyawa ba ce, kuma ba a san ta da sauri ba. Amma tana da sanda mai kauri a gefen dama, da kibiya a sama, da kibiya a ƙasa. Idan aka danna kibiyar sai a ji ƙyas, shafi ya sauko taku ɗaya ya tsaya cak, ya jira mutum. Tun da Baba ya tashi daga ciwon shanyewar ɓarin jiki hannunsa na dama yake rawa. Maɗaba'ar da yake yi wa aiki tana ɗora masa shafukan littattafai a intanet, shi kuma ya bi su layi-layi yana tsince kurakurai. Mai maɗaba'ar bai san da zancen hannun ba, domin aiki bai taɓa makara ba. Marigayiyar ce ta rufa wannan asiri, kuma ba ta taɓa yin gori ba.

Ta daɗe tana jinya. Masu tsara yadda shafuka ke tafiya a intanet sun sake ƙa'ida, sai wani ɗan akwati ya riƙa fitowa yana neman a sabunta ta. Auta ta yi karatun da ya isa ta san abin da ke bayan akwatin, don haka kowace safiya kafin ta fita aiki sai ta danna "sai an jima". Wasu shafukan suka fara karkacewa, hotuna suka ƙi buɗewa. Ƙawayenta suka ce mai digiri guda ta zauna tana kiwon gyatuma. Ta ce a bar ta da gyatumarta, ba a kan kowa take ɗauke ba.

Ajali ya zo ta hannun mijin Yaya, mutumin kirki wanda ba ya iya ganin kujera tana girgiɗi bai nemi ƙusa ba. Ya shigo gaisuwa Auta ba ta nan, ya ga akwatin, ya ce ai wannan aikin minti ɗaya ne. Baba yana kallo, surukin ya ɗauki linzamin kwamfutar ya danna sabuntawa. Hana shi sai da dalili, dalilin kuwa shi ne hannun da Baba ya tura ƙarƙashin riga tun da ya ji sallamar surukinsa. Sai ya sa masa albarka kawai.

Wadda ta gaje ta ba ta san kowa ba. Sandarta siririya ce kamar zare, tana ɓuya sai an lalubo ta, kibiyoyin kuwa babu su. Shafi yana sulɓewa kamar sabulu a jiƙaƙƙen hannu. Baba ya taɓa sau ɗaya, ya tsinci kansa a ƙarshen littafi. Mai gyaran kwamfuta ya ce ko an tono tsohuwar, shafin maɗaba'ar ba zai ƙara buɗe mata ƙofa ba.

Ta rasu ta bar Baba, da linzami wanda gefensa ya goge, da Inna wadda yanzu take tafiya da sanɗa a cikin gidanta, da littafin da aka ci rabinsa wanda mai maɗaba'a yake jira ƙarshen mako. Ta kuma bar Auta, wadda ta je har gaban Baba ta ce za ta ɗauki hutu ta riƙa juya masa shafi. Bai ɗago kai ba.

"Auta, idan ke za ki riƙe linzamin, to sunanki za a rubuta a kan aikin. Zauna ki yi kallo."

Tun daga ranar take zaune gefensa, hannayenta a ƙarƙashin cinya don kada su yi mata gardama. Shafi ya gudu, Baba ya lalubo shi. Ya sake gudu, ya goge gumi ya sake lalubowa. Ba ta yi kuka ba, kuma kada wanda ya zo da niyyar gani.

Babu wanka babu likkafani, tunda ba a ga gawa ba. Ana zaman makoki a falo, ana roƙon masu ta'aziyya su yi magana ƙasa-ƙasa. An yafe wa mijin Yaya, yana iya zuwa, amma hannunsa a aljihu. Wanda kuma zai ce ai sabuwar ta fi, ya riƙe gaisuwarsa, an gode.

Za a yi jana'iza ranar da Baba ya miƙa littafin. Idan mai maɗaba'a ya karɓa, iyali za su ɗauki dangana. Idan ya dawo da shi, akwai sanarwa ta biyu, ta rasuwar aikin Baba, kuma Auta tana roƙon Allah kada Ya sa ta rubuta ta.