Shamuwar Roba a Ƙofar Iya Nedyalka

Yau da safe uwargidana Radka ta janye farantin banitsa, wainar cukun nan tamu, daga gabana, ta ce ba mai cin abincinta da wannan ƙazamin zare a wuyan hannu. Na ce mata, "Haba Radka, laifina ne? Ki je ki tambayi manya." Kun dai san al'adar ƙauyenmu: ranar ɗaya ga Maris kowa ya ɗaura zaren ja da fari, ba ya kwancewa sai ya ga shamuwa da idonsa, shaidar sanyi ya tafi. To ga Afrilu ya yi nisa, nawa ya koma kalar tsumman goge tukunya, sheƙar da ke kan falwayar ƙofar Iya Nedyalka kuma wayam.

Tun rasuwar mijinta, Iya ba ta da abokan hira sai shamuwa biyu masu sheƙar nan, mata da miji. Kullum tana bakin ƙofa tana kallon tudu, inda aka jera mana fankokin iskan nan masu ba da lantarki, daidai kan hanyar da tsuntsaye ke bi in sun taso daga kudu.

Kada ku ce manyanmu ba su da tausayi. Sun kafa doka mai kyau: in garken tsuntsaye ya doso, a tsayar da fankoki. Sharaɗin kawai shi ne su doso a ranar aiki, kafin a tashi daga ofis. Wanda ya zaɓi tafiyar Lahadi, shi ya jiyo.

Makon jiya Mai Girma Uban Tsuntsaye, shugaban kwamitin da ke lura da abin, ya zo da albishir cewa bana ko fiffike ɗaya ba a tsinta a gindin fankoki ba. Muka yi tafi. Maƙwabcina Kawu Racho ya raɗa mini, "Zhelyo, masu ƙirgar sai wata-wata suke leƙowa, diloli kuwa kullum da sassafe. Ka ga dilolin tudun nan kuwa? Har tumbi suka ajiye." Na ce ya rufa mana asiri, amma in ba ƙira, me ya ci gawayi?

Iya ta miƙe da sandarta. "Ranka ya daɗe, tawa fa? Ina take?"

"Iya, a lissafinmu tana raye."

"To ka ce wa lissafin ya turo ta gida, hannuna ya gaji da zare."

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Shekaranjiya sai ga mota da tsani, aka dasa mana shamuwar roba a cikin sheƙar, fara tas, wai don jama'a su samu su kwance zare. Wasu suka kwance. Iya ta ce ita ba ta gaisawa da roba, ni ma kunyarta ta hana ni.

Ɗazu da la'asar ina tsakar gida na ji ƙaf-ƙaf-ƙaf ɗin baki daga sama. Na fito da gudu, takalmi ƙafa ɗaya. Ga ta nan, ta gaske, ta rame, ita kaɗai. Ta tsaya gefen ta robar tana ta buga mata baki kamar mijinta ne, tana jiran amsa. Wallahi abin ya taɓa ni, na kasa ko yin dariya.

Iya ta daɗe tana kallon tudu, ko wani zai biyo baya. Sannan ta miƙo mini hannu ta ce, "Kwance mini, ɗan nan. Ta dawo, amma irin dawowata daga maƙabarta."

Na kwance nata, na kwance nawa. Kafin rana ta faɗi Kawu Racho ya leƙo da labari: kwamiti ya ɗauki hoto, ya sanar cewa mata da miji sun iso lafiya. Yanzu ƙwai suke jira.