Yadda Za Ka Sasanta Kwamfutar Surukinka da Ta Matarka

Idan a gidanka akwai kwamfutoci biyu da ba sa ga-maciji, kowace da irin tsarin da ke tuƙa ta, kuma an ɗora maka nauyin sa su miƙa wa juna hotuna ta waifai, to kakarka ta yanke saƙa. Bi waɗannan matakai, na yi maka alkawari za a sasanta. Na gwada su a kan ɗalibina mafi hazaƙa, wani mai shagon tayil da ake kira Injiniya tun ranar da ya gyara rimot ta hanyar juya batir.

Mataki na 1: Karɓi aikin kafin ka gane shi

Gwani ba ya tambaya. Da an ce za ka iya, ka yi 'yar dariya ta ƙasan maƙoshi ka naɗe hannun riga.

Surukin Injiniya, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya zo ganin likitan ido ne na 'yan kwanaki, da tsohuwar kwamfutarsa naɗe cikin bargo. Ido ya warke tuni, Baba yana nan. A cikin kwamfutar akwai duk hotuna da bidiyon marigayiya matarsa, kuma babu su a ko'ina sai nan. Ramukan filashinta sun mutu, ga shi ta fara gurnani kamar injin markaɗe.

"Injiniya," in ji matarsa, wadda Baba ke kira Auta, "ka mayar min da su laftof ɗina kafin abin nan ya mutu da muryar Mama a ciki."

"Kafin shayin Baba ya huce an gama," in ji shi. Haka ake so ɗalibi ya amsa.

Mataki na 2: Kashe komai, kunna komai

Kashe kwamfutar Baba, kashe laftof, zare rauta, wato akwatin waifai, daga soket, hura ta kamar akwai ƙura. Wannan ba ya gyara komai, amma yana cin lokaci, kuma masu kallo suna ganin ana aiki. Ka tuna, rabin gyara tsaki ne, rabi girgiza kai.

Injiniya ya yi duka. Har fanka ya kashe, don kada a ce ya yi son kai.

Mataki na 3: Ɗora laifi a kan bambancin tsari

Yanzu buɗe wurin raba fayil a kowace kwamfuta, ka danna duk akwatin da ka gani. Ba wa foldar hotuna izini, ka zaɓi "kowa da kowa". Idan ba ta bayyana a ɗaya ɓangaren ba, ka jingina da kujera ka yi bayani.

"Baba, matsalar ita ce tsarinsu ba ɗaya ba ne. Taka da yarenta, ta Auta da nata."

"To taka fa, mai baƙin allon nan da kake buga mata rubutu?" in ji Baba yana kurɓar shayi. "Ai ita ma yarenta daban, na ga kuma ga sunanta can a allon Auta."

Gaskiyar Baba. Laftof ɗin Auta tana ganin ta mijinta, tana ganin talabijin, har firintar da ta daina aiki tun bara tana gani. Kwamfutar Baba kaɗai ce babu ita. A irin wannan hali kada ka yarda da dattijo, kada kuma ka musa masa. Ka ce "daidai nan nake son zuwa."

Mataki na 4: Rushe katanga

Kowace kwamfuta tana da katangar tsaro mai hana baƙi shiga. Kashe ta. Allo zai yi ja ya gargaɗe ka, ka ce masa ka ji. Idan har yanzu shiru, ka zargi kamfani, ka zargi gajimare, ka zargi maƙwabcin da ya sayi sabon firiji.

Kwamfutar Baba ta yi wani kakari, allonta ya ɗauke ya dawo. Auta ta dafa saman akwatin kamar mai jinya, ta daina dariya. Shayi kuwa ya huce, an ɗumama, ya sake hucewa.

Mataki na 5: Duba lambar gida, amma ka tare allon da kafaɗa

Duk na'urar da ke kan waifai tana da 'yar lamba, kamar lambar gida a kan titi. Kwatanta su. Idan farkonsu bai yi kama ba, to ba titi ɗaya suke ba.

Injiniya ya kwatanta, sai ga lambar Baba ta fita daban. Ya tuna. Rautarsa ƙofa biyu gare ta, layin gida da layin baƙi. Wanda ke layin baƙi zai shiga intanet ya sha iska, amma ba ya ganin kowa a gidan, kowa kuma ba ya ganinsa. Ranar da Baba ya sauka, Injiniya da hannunsa ya ɗora shi a can, yana cewa a ransa baƙo raɓa ne.

Gyaran ba wuya. A mayar da Baba layin gida, shi ke nan. Sai dai layin gida yana buƙatar kalmar sirri, kuma Injiniya ya canza ta a wani yammaci da ya dawo a gajiye ya tarar Baba ya zauna a kujerarsa, ya sa silifas ɗinsa, yana kallon labarai da rimot ɗinsa. Ba wanda ya san ta, don shi ya shigar wa Auta da kansa.

Mataki na 6: Kare kalmar sirri da ranka

Yi ƙoƙarin canza ta a ɓoye. Za ka tarar ka manta mabuɗin shiga rautar, takardar da ke manne a ƙasanta kuma kai ka ɓare ta saboda tsaro. Kana iya soka mata allura ta manta komai, amma sai ma'aikacin kamfani ya zo ya sake saita ta, shi kuwa gobensa ba ta ƙarewa. Saura dabara ɗaya.

"Baba, ɗan gusa in rubuta maka."

"A'a, ɗana. Ni zan rubuta da hannuna. Gobe in ta ɓace kana shago fa? Karanto."

"Tana da tsawo, Baba."

"Idona ya warke."

"Don Allah ka karanta masa mana," in ji Auta. "Ba ka jin yadda kwamfutar take kuka?"

Mataki na 7: Karanta harafi-harafi, kana tari a tsakani

Fatanka shi ne kada ya haɗa su. Ga wasu surukan yana aiki. Ba ya aiki ga mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana karanta talgiram.

Baba ya danna ɗan idon nan da ke bayyana rubutu, ya gyara tabarau, ya karanta a fili cikin natsuwa: "Baba yaushe za ka tafi."

Auta ta toshe baki. Injiniya ya dubi tayil ɗin da ya shimfiɗa da kansa, ya yi da-na-sanin ingancinsa, don da zai tsage da ya shige. Kunya ta kama shi har kunnuwa.

Sai Baba ya fashe da dariya, har yana share ido. "Tambaya mai kyau. Da ka yi min ita da baki ai da na ba ka amsa." Ya ajiye kofi. "Jaka a ɗaure take tun tuni. In na tuna zan buɗe ƙofar gidana can in yi sallama ba mai amsawa, sai in ce bari dai gobe."

Ya danna maɓallin da yatsa ɗaya. Sunan kwamfutarsa ya bayyana a allon Auta, a jere da na kowa. Folda ta buɗe, hotuna suka fara tsallakawa, tsohuwar tana nishi amma tana turowa. Auta ta taɓa bidiyo na farko, sai ga muryar Mama ta cika falo tana faɗa: "Kai dai ajiye kyamarar nan ka zo ka ci abinci!"

Suka saurare ta har ta ƙare. Injiniya ya tashi ya ɗauko allura, ya durƙusa gaban rauta.

"Me kuma za ka ɓata?" in ji Auta.

"Layin baƙi zan rufe. Ba mu da baƙo."

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya. Idan ka soka allura gidan ya zauna babu intanet har ma'aikacin kamfani ya ga dama, kai ka so. Idan surukinka ya kwance jaka, ya riƙe kujera da silifas da rimot har abada, kada ka neme ni, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Sabuwar kalmar sirrin gidan Injiniya ma Baba ne ya zaɓe ta, ya kuma ce duk mai so ya zo ya gaishe shi ya shigar masa.